Tungar Kaka: a sayar ko a bari?

Jikan Mai Tunga (Yamai):
Assalamu alaikum ƴan Adar na gida da na bida, wato masu ci-rani. Ina da magana mai nauyi, na fi son in kawo ta nan kafin mu zauna da dangi. Wani Alhaji ya aiko yana son sayen tungar kakanmu da ke arewa da Tawa, in ka bar hanyar Abalak ka yi yamma. Gona da rijiya da kangon gidan duka yake so, wai zai kewaye da waya ya zuba shanu. Yayyena biyu sun yarda. Ni kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu ba asalin can ba ne. An haifi Kaka a wani ƙauye kusa da Illela cikin yunwar Kakalaba, ta 1913 zuwa 1914. Ya ce da shi a goye uwarsa ke tsinkar anza, ta jiƙa kwanaki tana sake ruwa har ɗacin ya fita kafin a ci. Yana saurayi fara ta 1931 ta cinye hatsi, ga lanho, wato haraji, ba a ɗaga wa kowa ba, ga ƴan kumandan na mulkin Faransa suna ɗiban samari aikin dole. Sai ya tsallaka cikin dare zuwa ƙasar Sakkwato, wadda tsofaffi ke kira ƙasar Ingilishi. Ya yi ƙodago, aka ba shi aron gona, ya yi aure. Bai dawo ba sai da aka soke aikin dole a 1946. Da ya dawo ya tarar an raba gandun gidansu, abin da ya faɗo masa bai isa cin wata huɗu ba. Shi ne ya ɗaura kaya bisa jakuna biyu ya yi arewa, ya sare daji, ya gina rijiya, mutane suka biyo shi har wurin ya zama tunga. Can aka haifi babanmu. Can muka tashi a 1984 ba mu koma ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Ɗan Adar a Abijan:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tunda ka kawo ta fili bari in faɗi tawa a fili, ni ne ɗaya daga cikin yayyen da kake nufi. Shekara nawa rabon da wani cikinmu ya sa sungumi a gonar nan? Tun ina yaro. Ni ke tura kuɗin hatsi gida duk damina, ni na san abin da buhu ke ci. Gonar da ba ta ciyar da kai, kai kuma ba ka noma ta, mene ne amfanin riƙe ta? Kaka kansa sau uku yana barin wuri in ya ga ba ya yi. Ya bar Illela, ya bar Sakkwato, ya sake barin Illela. Bai tsaya kuka kan kango ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. A sayar, a gyara wa Inna ɗakinta a Tawa, saura a raba bisa shari'a.

Baba na Badagishiri:
Ɗiyana, ku bi sannu. Na san kakanku, na sha ruwan rijiya tai. Shekarun da yat tahi arewa ba irin na yanzu ba ne. Daga 1950 zuwa wajen 1960 ruwa ya wadata ƙwarai, kowa ya san haka. Jigawar da ba a taɓa nomawa ba, ka watsa iri kawai ka ga zangarniya kamar hannun ƙato. Shi ya sa ba shi kaɗai ba ne. Daga Buza, daga Keita, daga wajenmu, gida-gida anka yi ta tashi ana kafa tungaye. Gobirawa ma hakanan sunka cika wajen Dakoro. A lokacin in gona ta gaji sai ka bar ta ta huta shekara biyar ko shida, sabara da kalgo su rufe ta, kai ka matsa gaba. Abin da nika so ku gane, ɗana na Abijan, kakanku yana tashi ne don akwai dajin da za shi tarar a gaba. Yau ina dajin? In kunka saida wanga, ba ku da wani a gaba. Shi ne bambancin tashinai da naku.

Ɗan Adar a Abijan:
Baba, ranka ya daɗe, na ji. Amma dajinmu yanzu shi ne Abijan da Kumasi da Libiya. Bida ita ce tungarmu.

Jikan Makiyayi:
Salamu alaikum. Ni ba danginku ba ne, amma na daɗe cikin zauren nan kuma maganar ta taɓa ni, ku yi mini haƙuri in na yi tsauri. Duk wanda ya ba da labarin kakansa sai ya ce ya sare daji, babu kowa, sai kura da gada. Wannan dajin da kuke cewa babu kowa, mu muna cikinsa. Kakana nan yake sauka da shanu duk shekara in zai hau arewa da damina, nan yake biyowa in zai gangaro bayan kaka. Ba mu gina ɗakin ƙasa ba, shi ya sa ba a ganin sawunmu. Bukka ce, ka tashi iska ta share wurin. Gona ɗaya ta zama goma, goma ta zama gari, burtali ya matse har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa kara, ta taɓa kuma a ci ka tara. Ban ce kakanku mugu ba ne, yunwa ta koro shi. Amma kada a rubuta tarihin kamar ƙasar ba ta da masu ita.

Jikan Mai Tunga (Yamai):
Ɗan uwa, ban ji haushi ba. Gaskiya ban taɓa tambayar wa Kaka ya tarar a wurin ba. Tun muna yara labarin da ake ba mu daga saran itace yake farawa.

Ɗiyar Gwaggo (Tawa):
To ni na tambaya, don ni ke zaune da Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka tafi da su bisa jaki. Yanzu na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce mai shanu ya yi gaskiya. Ta ce da suka isa akwai Fulani a bakin wani ɗan tabki, su suka nuna wa Kaka inda ruwa ke kusa, ƙarƙashin wata tsohuwar aduwa, suka ce ya gina nan. Sharaɗin da aka yi, rijiya ta kowa ce, kuma bayan an cire hatsi shanu su shiga su ci kara su bar taki. Ana ba su hatsi su ba da nono. Ta ce shekara da shekaru hakan aka zauna.

Kuma Yaya, ku maza kuna ta cewa Kaka ya gina rijiya, Kaka ya sare daji. Kaka yana cikin rami, wa ke jan ƙasa da igiya? Kakarmu mace, da ciki wata bakwai. Kafin rijiyar ta kai ruwa, ita ke tashi tun asuba da tulu biyu a jaki zuwa tabki, ta dawo rana tsaka ta yi daka. Gwaggo ta ce shekarar farko ba su da rumbu, cikin bukka suka jera dammunan hatsi suna kwana a gefe, ɓeraye na bi ta kansu. Ƴaƴa biyu kakarmu ta binne a wurin, ɗaya ƙyanda, ɗaya zawo, babu likita sai an yi tafiyar yini. Suna nan gabas da aduwar, an jera musu duwatsu. Da na gaya mata zancen waya, abin da ta fara tambaya shi ne ko wayar za ta bi ta kansu.

Mushen Lakwal:
Allah ya jiƙansu. Bari in sa baki ta wajen doka, don na ga ana zancen sayarwa kamar abu ne da ke hannunku kaɗai. Akwai doka ta 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke arewa da layin nan ƙasar kiwo ce, an hana buɗe sababbin gonakin damina, kuma in dabba ta yi ɓarna a gonar da ke can ba a biyan diyya. Mutane sun ƙetare layin tun tuni, hukuma ta kau da kai, amma dokar ba ta mutu ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya zo, sannan dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da iyakar, ta kuma hana wani ya mallake ƙasar kiwo ya mai da ita tasa shi kaɗai. Don haka abu na farko, ku je wajen hukumar kula da filaye, Kofo, ta komin ɗinku ko ta dapartama, a duba ko tungar tana kudu da layi ko arewa. In tana arewa, abin da Alhajin ke son yi doka ba ta ba shi ba, ku ma ba ku da abin sayarwa. In tana kudu, to gona taku ce bisa al'ada, amma rijiya da burtali wata magana ce daban. Kada kowa ya sa hannu a takardar da aka rubuta a zauren wani.

Ɗan Adar a Abijan:
Mushe, da girmanka, wace doka? Je ka wajen Abalak ka ga wayoyin da masu kuɗi suka kewaye. Su doka ba ta gan su ba? In ba mu sayar ba, wata rana za mu je mu tarar an kewaye ba tare da an ba mu ko dala ba. Gara mu karɓi abin da ya samu.

Mushen Lakwal:
Abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Amma wanda ya sayar da hannunsa ya rufe bakinsa da na maƙwabtansa. Wanda bai sayar ba yana da ƙafar tsayawa gaban Kofo.

Jikan Makiyayi:
Nan ne ni da manomi muka zama ɗaya. Manomi yana matse mini hanya, amma bayan kaka yana buɗe gona, rijiyarsa kuma ina sha. Mai waya ba ya buɗewa rani da damina. In an kewaye rijiyar nan, garken da ke biyowa ta wurin sai ya ratsa ta gonakin wasu tungayen neman ruwa, kuma kun san abin da ke biyo baya. Waɗanda suka girma sun tuna Toda a 1991, cikin jihar Maraɗi, mutum fiye da ɗari suka mutu, yawancinsu mata da yara. Daga ɓarnar gona aka fara.

Hajiya ta Keita:
Ni maganar 1984 nake so in taɓa, don yaran yanzu suna jin an ce "mun tashi" kamar mota aka shiga da akwati. Ɗana mai tunga, kai kana ƙarami. Na ga zuwan mutanen tungayen arewa da idona. Fari na 1973 ya kashe dabbobi amma yawanci sun daure sun zauna, shi ne ma ya ci gwamnatin Diori, Kunce ya hau a Afrilun 1974. Na 1984 shi ya tumɓuke mutane. An yi shuka sau uku ba ta tashi ba. Ga Najeriya ta rufe iyaka, hatsin da aka saba kawowa ta Ƙonni ya yanke, shi ya sa ake ce wa shekarar El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Mata sun tona gidan tururuwa neman ƙwaya, an sussuka ƙarangiya an ci. Da furojen Keita ya fara a shekarar nan, da kuɗin Italiya, maza duk sun tafi bida, mu mata muka yi aikin. Mu ɗauko dutse a ka daga bisa tudu, mu jera shi layi-layi don ya tare ruwa, mu gina ramu a dasa itace, a biya mu da abinci, hatsi da mai da gwangwani. Tafin hannuna har yau akwai kanta. Mahaifiyarku tana cikinmu, layi ɗaya muke, da kai a bayanta wani lokaci. Yau ka hau tudun nan ka ga itatuwa inda da dutse ne tsirara. Abin da ya sa na kawo wannan, ƙasar da aka ce ta mutu na ga ta tashi. Kada a ce tungar ba ta da amfani don an bar ta shekara arba'in.

Jikan Mai Tunga (Yamai):
Inna Hajiya, wallahi ban san kin yi aiki tare da mahaifiyarmu ba. Ba ta cika son zancen shekarar nan ba. Abin da na riƙe kaɗan ne. Na tuna ranar tashi Baba ya ciro ƙyauren ɗaki ya ɗora a amalanke, ya rufe bakin rijiya da itace da ƙaya don kada rairayi ya cike ta, yana cewa baɗi za mu dawo. Daga Keita ya wuce Abijan, ya yi shekaru yana tura kura a kasuwa. Da ya gaji ya dawo Yamai, ya samu aron gona a hanyar Say yana nomawa, har gari ya ci wurin aka yanka filaye mai gonar ya karɓe abinsa. Ƙyauren nan yana nan gidana, shi ke rufe ɗakin awaki. Baba ya rasu bai koma ba.

Manomin Illela:
Allah ya gafarta masa. Ni manomi ne, ba ni da boko, ɗana ke rubuta mini. Ina goyon bayan Hajiya. A nan wajenmu fako ne ko'ina, ƙasa kamar siminti, ruwa ya zuba ya gudu. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka kai wasu manomanmu Yatenga ta Burkina suka ga yadda ake gina ramu, suka dawo muka kama tassa. Da rani kake yi. Ka gina rami kamar faɗin ƙwarya, zurfin tafin hannu da ɗan ƙari, ƙasar da ka ciro ka tara ta gefen gangare, ka zuba taki cikin hannu biyu. Gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki, ka shuka. Aiki ne mai karya baya, amma na ga mutane suna sayen fako da arha su mai da shi gona. Ga rabin wata, rami mai siffar jinjirin wata da ke tare ruwa, ga barin gawo da sabara su tsiro cikin gona ana sassabe su maimakon a tumɓuke. Sai dai in faɗi gaskiya, tassa ta fako ce. In tungarku jigawa ce zalla, rami rufewa yake yi, can itace da taki za su taimake ku, takin kuma yana wajen masu shanu. Kuma duk wannan sai da mutum a wurin. Cikinku wa zai koma ya zauna? In babu, ku ba wani aro gaban mai gari da shaidu, a rubuta aro ne.

Ɗan Adar a Abijan:
To ga tambayar da nake ta yi. Wa zai koma? Ni ƴaƴana Faransanci da Julanci suke ji fiye da Hausa. Kai kana ofis a Yamai. Kowa na son tungar a baki.

Jikan Mai Tunga (Yamai):
Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba, ni ba zan koma in zauna ba. Amma ɗan Kawu da ya dawo daga Libiya tun rikicin 2011 yana Tawa yana kabu-kabu da babur ɗin haya, da mata da ƴaƴa biyar, ba shi da ko taki ɗaya na gona. Ya taɓa yi mini zancen tungar na share. Shi ma jikan Kaka ne kamar mu. Kuma ɗakin Inna ba sai an sayar da rijiya za a gyara shi ba. Ka kawo abin da za ka iya, in kawo nawa, kafin damina a yi rufi.

Baba na Badagishiri:
Madalla. Amma ku ji wani abu, kada ku tahi da zuciya ɗaya. Zamanin Kunce an ce gona ta mai noma ta ce, kuma maganar nan ta zauna a kan mutane har yau. Shekara arba'in ba ku nan. Ba mamaki ku tarar wani na noma wani ɓangare, ya haihi ɗiya a wurin, shi ma yana ganin tashi ce. In kunka tarar da haka kada ku ɗaga murya. Ku hwara da gaida mai gari, ku nemi tsohin da sunka san iyaka, galibi da itace ko jan dutse aka shaida ta. Kakanku ma wasu yat tarar sunka yi mai wuri.

Ɗan Adar a Abijan:
Ban janye ra'ayina ba, ina ganin wahala za ku saya. Amma ba zan sa hannu ba sai an je Kofo an ji, kuma sai Gwaggo ta yarda. Na gaya wa babban Yaya haka yanzu a waya, bai ji daɗi ba, ya ce Alhajin ya ba shi wa'adi. Na ce ya gaya masa gado ne, ba na mutum ɗaya ba ne.

Ɗiyar Gwaggo (Tawa):
Gwaggo ta sa na ɗauki muryarta, zan tura wa dangi a gefe, a nan zan rubuta abin da ta ce kawai. Ta ce ita ba ta san layin gwamnati ba, ba ta san takarda ba. Ta ce a kai ta ta ga aduwar da duwatsun ƙannenta tun tana iya hawa mota, ita za ta nuna inda gona ta tsaya da inda shanu ke bi, don tana riƙe da shi sarai. Ta ce kuma a nemo jikokin Fulanin nan na bakin tabki in suna nan, don da kakanninsu aka yi sharaɗin rijiya, ba a warware shi a bayansu.

Jikan Makiyayi:
Ki gaishe ta da kyau, ki ce ɗanta na gode. Ban san ko danginmu ne ba, masu bin hanyar nan da yawa. Amma babana ya san duk rugagen da ke sauka tsakanin Tawa da Tabalak. Ku turo mini sunan tungar a gefe in tambaye shi. Yanzu suna kudu da shanu, sai ruwa ya sauka za su hau.

Jikan Mai Tunga (Yamai):
Na tura maka. Zan nemi hutun kwana huɗu in taso daga Yamai ranar Alhamis da motar safe, in kwana Tawa. Juma'a mu je Kofo da Mushe in yana da sarari, Asabar mu ɗauki Gwaggo da ɗan Kawu. Ƴar uwa, ki nemo mana mai mota da ya san hanyar rairayi, a sa mata katifa a baya. Ɗan Kawu ya zo da igiya doguwa da guga mu gwada rijiyar ko da sauran ruwa.

Mushen Lakwal:
Juma'a da safe ina aji har ƙarfe goma. Ku same ni bakin lakwal, ku zo da duk wata tsohuwar takardar lanho ta kakanku in akwai, tana taimakawa.

Ɗiyar Gwaggo (Tawa):
Akwai wasu cikin adakar Gwaggo, a naɗe cikin leda. Zan ciro su yau da dare.